Ko Ka San Jirgin Kaya Ba Ya Tafiya Sai Da Guzurin Yashi?

Kan jirgin ƙasa da ke jan taragu talatin ko arba'in, kowanne maƙare da siminti ko hatsi, yana ɗauke da akwatunan yashi a jikinsa. Yashin ba na kashe gobara ba ne. Yashi ne busasshe, tankaɗaɗɗe, wanda ake fesawa ta wani siririn bututu daidai gaban ƙafafun da ke jan jirgin. In babu shi, akwai ranakun da wannan ƙaton inji zai tsaya wuri ɗaya yana ta gurnani, ƙafafunsa na juyawa a banza.

Dalilin yana can ƙasa, inda ƙafar jirgi ke taɓa dogo. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma wurin da suke haɗuwa bai fi faɗin farcen babban yatsa da wani abu ba. Tayar mota roba ce, tana lotsewa a kan kwalta tana cin ƙarfin inji a kowane juyi. Ƙafar jirgi ba ta lotsewa sai ɗan abin da ido ba ya gani, don haka da zarar tarago ya fara gangarawa, ƙarfi kaɗan ya ishe shi ya ci gaba. Wannan santsin shi ne arzikin jirgin ƙasa, shi ya sa inji ɗaya yake jan kayan da sai an tara tireloli masu yawa kafin su kwashe. Amma santsin nan dai shi ne matsalarsa. Da damina, ko da sanyin safiya in raɓa ta kwanta a kan dogo, ko in mai ya zuba, sai ƙafa ta kasa kama ƙarfe. A nan direba yake sakin yashi, ƙafa ta murƙushe shi ta samu abin dafawa.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tashar Zariya ko ta Kafanchan lokacin da jirgin kaya zai tashi ya san wata ƙara: ƙwaram daga can gaba, sai ta bi taragu ɗaya bayan ɗaya har ta kai na ƙarshe. Ba abin da ya karye. Maƙalan da ke haɗa tarago da tarago suna da ɗan sako-sako, saboda haka inji ba ya fizgar nauyin gaba ɗaya. Yana tayar da na farko, na farko ya miƙe maƙali ya tayar da na biyu, a haka har wutsiya ta motsa. Gwanintar direba a nan take, domin in ya yi garaje yana iya tsinka maƙali.

Shi kansa injin na yau, man gas yake sha amma lantarki ke tafiyar da shi. Injin gas ɗin janareto yake juyawa, wutar ta bi waya zuwa injinan lantarki da ke maƙale da ƙafafu. Babu kuloci, babu sauya giya irin na mota. Kafin zuwansa, masu hayaƙi ne ke aikin, suna cin kwal ɗin Inugu suna shan ruwa tasha-tasha.

Waɗannan masu hayaƙin su suka sauya ƙasar Hausa. Dogo ya iso Kano a 1911, an shimfiɗo shi daga Baro a bakin kogin Kwara. Auduga Turawa suka sa wa rai, amma manoma da fataken Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Daga baya reshe ya kai Ƙauran Namoda a 1929, wani ya kai Nguru a 1930, Maiduguri kuwa sai 1964. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotunanta, wadda sunan Alhassan Ɗantata ba ya rabuwa da ita, buhuna ne da ke jiran tarago, domin a wancan zamani gyaɗar takan fi ƙarfin abin da jirgi zai iya kwashewa zuwa Ikko, tafiyar fiye da kilomita 1,100. Jirgi ya gangara kudu da gyaɗa da fatu da shanu, ya hauro da goro da gishiri da atamfa. Tsofaffin da suka tashi a unguwannin bakin dogo har yau suna ba da labarin yadda usur ɗin jirgi yake gaya musu lokaci. Ni kam raina yana ɓaci duk sa'ad da na ga ciyawa ta rufe wani reshen, alhali tireloli na ta farfasa kwalta da kayan da asali na dogo ne.

Sai batun tsayawa, wanda ya fi komai muhimmanci ga mai tsallaka dogo. Jirgin kaya mai nauyi in yana cikin gudu, ko direba ya kama birki gaba ɗaya, yana iya cin fiye da kilomita ɗaya kafin ya tsaya. Ba shi da sitiyari balle ya kauce, dogo ne ke juya shi. Direban da ya hango mota ta mace a kan layi, abin da ya rage masa birki da yashi da usur.

Birkin kuwa dabararsa abar jinjinawa ce. George Westinghouse na Amurka ya fito da irin mai kama kansa a 1872. Bututun iska ne ya ratsa jirgin tun daga kai har wutsiya, kuma cikar iskar ce take hana birki kamawa. Direba in yana son tsayawa sai ya rage iskar. Ke nan in maƙali ya tsinke a kan hawa, bututun ma ya tsinke, iska ta fice, birkin kowane tarago ya damƙe da kansa, na gaba da na baya, ba tare da kowa ya taɓa komai ba.