Farauta a Ƙasar Jega da Aliero da Maiyama: Sauyin Makamai da Tarbiyyar Ɗan Mahalbi

Gabatarwa

Farauta tana daga cikin daɗaɗɗun sana'o'in Bahaushe, tana kafaɗa da kafaɗa da noma da ƙira da su. Wannan maƙala za ta dubi yadda sana'ar take a yankin Jega da Aliero da Maiyama, watau ƙananan hukumomi uku na masarautar Gwandu a Jihar Kabi, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Za a fi mai da hankali ga sauyin da makamai suka samu, da kuma yadda ake tayar da yaro har ya zama mahalbi. A karin harshen wannan yanki mahalbi ake cewa, ba maharbi ba, kuma haka za a riƙa kiransa a nan.

Ƙasar da namunta

Garin Jega yana bakin Gulbin Zamfara ne, kuma Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi tare da Gimbanawa wajejen 1820. Gulbin nan da fadamunsa su suka ba yankin suna a wajen mahalba, domin da rani duk naman da ke tudu dole ya gangaro ya sha ruwa. Namun da aka sani a irin wannan daji sun haɗa da barewa da gada da mazo da zomo da beguwa da damo, sai tsuntsaye kamar zabon daji da fakara da ɗinya. Manya irin su gwanki da mariya kuwa, sai dai a ji su a bakin tsofaffi da cikin kirari.

Akwai wani kuskure da masu fassara suke yawan yi wanda ya kamata ɗalibin Hausa ya lura da shi. Dabbar nan ta Turai da Amurka mai ƙaho rassa-rassa, wadda ake fassara sunanta da barewa, ba barewa ba ce, kuma babu irinta a Afirka ta Yamma. Ita takan zubar da ƙahonta kowace shekara ta fitar da sabo, barewa kuwa da ƙahonta take mutuwa. Haka nan talotalo, wanda ake farautarsa a dazuzzukan Amurka inda asalinsa yake, a ƙasar Hausa tsuntsun gida ne. Wanda ya tsaya a matsayinsa a nan shi ne zabon daji, mai kaifin ido da saurin tsarguwa.

Lokacin farauta yana farawa ne bayan an kau da amfanin gona, ciyawa ta bushe, ya ci gaba har faɗuwar ruwa. Akwai farautar gayya, wadda ake yi wa shela garuruwa su haɗu da karnuka da kere da gora. Akwai kuma ta mahalbi na ainihi, wanda yakan fita shi kaɗai ko da yaronsa, ya yi bago a mashaya ya kwana yana jira. Jama'a sukan cakuɗa su biyun, amma mahalbi ba ya son a kira shi ɗan farauta kawai.

Daga baka zuwa bindiga

Makamin asali shi ne baka da kibiya, shi ya sa har yau shugaban mahalba yake amsa sunan Sarkin Baka ko da kuwa bindiga ce a kafaɗarsa. Maƙeri ke ƙera bakin kibiya, a ɗaura shi a kan kyauro, a zuba a kwari. Ƙarfin kibiyar ba a tsininta yake ba, a dafinta yake. Ana dafa 'ya'yan ƙwanƙwani tare da wasu itatuwa irin su tinya har ya yi kauri, a shafa. Dafin ƙwanƙwani zuciya yake kamawa, saboda haka ko da kibiya ta sami cinya, dabba ba ta yin nisa sosai za ta faɗi. A nan ne sana'ar ta haɗu da fiƙihu. Malaman Malikiyya sun ce naman da ba a tabbatar ko makami ya kashe shi ko dafi ba, ba a cinsa. Don haka mahalbi Musulmi yakan ambaci sunan Allah lokacin saki, sa'an nan ya bi sawu da hanzari don ya riski dabbar da rai ya yanka.

Da yake kibiya ba ta cin nisa, dole mahalbi ya iya kusantar nama. Wannan buƙata ce ta haifar da burtu, watau kan tsuntsun nan burtu ko sassaƙen itace mai kama da shi, wanda mahalbi yakan ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya sunkuya yana tafiya yana gyaɗa kai kamar mai kiwo. Barewa ta saba ganin burtu a fili, ba ta gudunsa. Dabara ce mai cin gwiwa da ƙugu da haƙuri, kuma ba a koyonta a shekara guda.

Bindiga ta shigo Afirka ta Yamma ta hannun Larabawa masu ƙetaro hamada da Turawa 'yan kasuwar bakin teku, daga baya maƙeran gida suka koyi yin tasu. Adaka, ko bindigar toka, ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a danna tsumma, a zuba gutsattsarin ƙarfe, a sake dannawa. Harbi ɗaya take yi a sake ɗuri, kuma in albarushi ya yi yawa ko bututu ya tsufa, takan fashe a hannun mai ita. Duk da haka ta fi baka ga farautar zabi, domin tana watsa harsashi ta sami biyu ko uku a tashi ɗaya. Bayanta sai mai karyawa, baki ɗaya ko biyu, mai cin harsashin kanti, wadda sai mai hali yake riƙe ta.

Amma in aka auna da kyau, ba bindiga ce ta fi sauya farauta ba, fitila ce. Da fari fitilar goshi mai aiki da kabayid, sai tocila mai batir, sai kuma mai caji wadda haskenta ke kai nesa. Gada ko zomo in haske ya doki idonsa yakan tsaya cik, idon yana walƙiya. Wanda bai san sawu ba, bai san iska ba, bai taɓa ɗaura burtu ba, yana iya kashe a dare ɗaya abin da gwani zai yi mako yana nema. Zabi kuwa a kan itace suke kwana a tare, mai fitila yakan same su garke guda. Fitila ba ta bambanta mace mai ciki da namiji, ido kawai take nunawa, kuma wani lokaci idon na ɗan maraƙin Bafillace ne. Babur ya ƙara wa abin ƙaimi, ya mai da dajin kwana biyu tafiyar hantsi.

Yadda ake tayar da ɗan mahalbi

Halbi sana'ar gado ce, ko da yake akan karɓi ɗan wani in ubansa ya kawo shi. Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma mahalba ba su dogara ga jini kaɗai ba. Yaro yakan fara da danƙo da tarkon tsuntsaye da haƙar gafiya a bayan gari. In ya yi ƙwari sai ya zama ɗan rakiya, ya ɗauki gorar ruwa da burgami, ya riƙe karnuka, ba a ba shi makami. A wannan matsayi ne ake koya masa karatun daji: bambancin sawun gada da na akuya, sabon kashi da na jiya, inda zomo ya kwanta, da kukan tsuntsun da ke tona asirin mai tafiya. Ana koya masa ya saki ƙura daga yatsunsa ya ga inda iska ta nufa, domin mai bin nama iska a fuska yake sonta, ba a ƙeya ba. Sama da duka ana koya masa shiru. Ubangida ba ya yawan bayani a daji. In ya ce "Kai yaro, duba nan," to sauran aikin na idon yaron ne, in kuwa an dawo gida ya tambaya da ladabi, "Baba, me ya sa muka bar waccan?" sai a gaya masa.

Tambayar nan ta ƙarshe ita ce zuciyar tarbiyyar. Gidajen halbi suna da hane-hane, wasu na addini, wasu na camfi, wasu na hankali. An yi imani cewa wasu namun, musamman gwanki, suna da iskoki, ba a tunkarar su sai da shiri, shi ya sa rigar mahalbi take cike da layu, kuma mahalbi yakan zama mai ba da magani a garinsa. Mai ilimin zamani yana iya yi wa wannan murmushi, amma tsoron nan ya taƙaita yawan masu taɓa manyan namun. Ajiye makami da damina, lokacin da zabi ke kwanci a ƙasa, mahalba suna gona, shi ma ya ba daji damar farfaɗowa. Akwai kuma dokar rabo: wanda ya fara jini shi ke da nama, ko da wani ya ƙarasa. A farautar gayya wannan doka takan jawo faɗa har da rotse, sai Sarkin Baka ya raba gardama. Kirari da kiɗan komo su ne sakamakon wanda ya yi bajinta, kuma ta nan yaro yake jin sunayen magabatan gidansu.

Halin da ake ciki

Abubuwa da yawa sun taru a kan dajin. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe ciyawa da mashaya. Jama'a ta ƙaru, saura ta zama gona. Noman rani, albasar da Aliero ta yi suna da ita da shinkafar da aka ƙarfafa tun ƙaddamar da shirin bashin manoma a Birnin Kabi a Nuwamba 2015, ya shiga fadamun da nama ke fakewa. Wannan alheri ne ga ciki da aljihu, ba a musu, amma gada ba ta da inda za ta sa kai. Dokoki kuwa akwai su: Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963, da dokar soja mai lamba 11 ta 1985 a kan dabbobi masu ƙarewa, da Dokar Bindigogi ta 1959 wadda ta yi tanadin lasin har ga adaka. Zartar da su a ƙauye shi ne wuyar.

Amurka ta taɓa shiga irin wannan hali. Wajejen 1900 dabbarsu mai ƙaho rassa, irin mai farin bindi, ba ta wuce 500,000 ba, talotalon daji ma ya ɓace daga jihohi da dama. A 1937 aka kafa doka ta ware harajin bindigogi da harsasan farauta don raya namun daji, aka tsayar da lokacin farauta da adadin da mutum zai kashe, dabbar nan ta kai wajen miliyan 30. A 1949 Jihar Niyok ta fara wajabta wa sabon mai neman lasin ya yi kwas. Abin da suka rubuta a takarda ya yi kama ƙwarai da abin da gidan halbi yake koyarwa da baki. Bambancin shi ne can hukuma ta riƙe abin, a nan kuwa an bar shi ga tsofaffin da samari ba su cika zama gabansu ba, tun da fitila da babur sun wadatar da su daga koyo.

Ƙarancin nama ya sa mahalban Arewa yin doguwar tafiya zuwa kudu, matsalar tsaro kuma ta jawo da yawansu cikin aikin sa kai, kamar yadda aka gani a Mubi a 2014. Duka biyun suna da hatsarin da kakanninsu ba su sani ba. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne da ke komawa Kano, bayan an ga adaka a motarsu an zarge su da satar mutane. Saboda haka uban da ke miƙa wa ɗansa bindiga a Maiyama ko Kimba ko Sabiyal, ban da sawu da iska, sai ya koya masa neman lasin, da riƙe takardar shaida, da sanar da sarkin duk garin da ya sauka kafin ya shiga dajinsa.