Ruwan Challawa: Wa Ake Fara Sallama?

Duk wanda ya taso daga Kara ko Gwarzo ya gangara Ƙaraye zai tarar da ruwa shimfiɗe iya ganinsa a dam ɗin Challawa, wanda aka kammala a 1992. Makullinsa yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya. Masu jiransa kuwa sun yi layi tun daga famfunan Kano har fadamun Nguru da Gashuwa.

An daɗe da jera su, ko da ba a rubuce ba. Birnin Kano ne a gaba, don matatun Challawa da Tamburawa ba sa jure yankewar ruwa. Sai manoman rani na Kadawa da Kura masu sha daga dam ɗin Tiga, da na Auyo. Fadama ita ce 'yar bora. Mai famfo maƙwabcin gidan gwamnati ne, shinkafar Kura kuma da buhu ake ƙirga ta, amma kifin masunci da ciyawar da shanu suka kiwata ba sa shiga littafin kowace ma'aikata. Da masanin tattalin arziki Edward Barbier ya yi lissafin a shekarun 1990, ya gano cewa ruwan da ya malala a fadama ya fi wanda aka zuba a aikin noman rani na Kano riba nesa ba kusa ba.

A ganina ɓarnar ta fi yawa a lokacin sakin ruwan. Kafin a gina Tiga a 1974, kogin Haɗeja, inda ruwan Challawa da na Tiga ke zuba, yakan cika ya batse a Agusta da Satumba, ya shayar da shinkafa, ya cika rijiyoyi, sannan ya ƙafe da rani. Yanzu yana tafe kaɗan-kaɗan duk shekara, abin da ciyawar kacalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta tura shi mashigin Marma ya cinye gonaki, wasu rassan kuma suka bushe. Tsuntsayen jan-baki suka samu gida a cikinta, suna fita suna wawushe hatsi. Sanya tafkin Nguru cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2000 bai tumɓuke ko saiwa ɗaya ba.

Jihohi shida sun kafa asusun kula da kogunan a 2006, amma asusu ba ya buɗe ƙofar dam. Abin da ya kamata shi ne a ware wa fadama kasonta na damina tun kafin a faɗaɗa ko kadada ɗaya ta noman rani, a sanar da ranakun sakinsa a rediyo kafin Yuli. Mai wuyar ita ce rage ruwan da rani har kacalla ta bushe a ƙone ta, domin famfunan Kano ne za su fara ji a jikinsu. Mutanen Gwarzo da Kabo ma, da rafukan yankinsu ke zuba cikin kogin Challawa, suna da bakin magana a rabon ruwan.