Kano Zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Sama?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci kan wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisu duk lokacin da aikin Hajji ya ƙarato, wato awa nawa jirgi ke yi daga Kano zuwa Jidda. Wani ya ce awa shida da rabi, wani ya rantse biyu da rabi ya yi ya dawo gida. To jama'a, duka biyun agogo ne ya ruɗe su.

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai kimanin kilomita 3,400 in an miƙe sak. Kafin yaƙin Sudan na 2023, jirgi kan bi ta sararin Chadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, sai ga Jidda a bakin ruwa. Babban jirgin fasinja na cin wajen kilomita 850 a awa, ka ga awa huɗu ke nan. A haɗa da tashi da sauka, sai a tashi da kamar huɗu da rabi. Amma fa Saudiyya na gabanmu da awa biyu, kuma lokacin da ake rubutawa a tikiti na garin da aka sauka ne. Wanda ya bar Kano da sha biyun rana zai sauka Jidda wajen shida da rabi na yamma, rana na shirin faɗuwa, alhali agogon hannunsa na cewa huɗu da rabi. A dawowa kuwa sai lissafin ya juye.

Wani zai ce mene ne abin damuwa a nan? Akwai shi kuwa. Da yawa daga maniyyatanmu dattawa ne, wasu na fama da ciwon suga ko hawan jini, suna shan magani a kan lokaci. Tsohuwar da ba a gaya mata ba, wane agogo za ta bi? Ga batun Azahar da La'asar, ga na ɗaukar harami ga mai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye. Ga kuma 'yan uwa da ke zuwa tarya su yi ta zaman jira.

Kuma awa huɗu da rabin nan ba kullum ba ne. A shekarar 2023 da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe sararin samaniyarta, sai da jiragen alhazanmu suka yi zagaye, tafiyar ta ƙaru da wajen awa biyu, kuɗin jirgi ma ya hau. Ikon Allah, ƙasar da kakanninmu suka ratsa a ƙafa da kan jakuna har bakin teku a Sawakin, wasu su shekara ba su isa ba, ita ce dai har yau a kan hanya.

Don haka ina kira ga hukumomin jin daɗin alhazai da malaman bita da su ware ko da minti goma su yi wa maniyyata wannan bayani da Hausa, a kuma sanar da su hanyar da jirginsu zai bi tun kafin a shiga.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
daga Fagge, Kano.