Yadda A Ke Koyon Zane

Sau da yawa yaro yakan ɗauki fensir ya zana doki, in ya gama sai ya ga abin ya fi kama da akuya. 'Yan ajinsu su yi dariya, shi kuwa ya ji kunya, ya ce ai shi ba shi da hannun zane. Daga ran nan ba ya ƙara gwadawa. Wannan kuskure ne babba, gama zane abin koyo ne kamar karatu da saƙa da ɗinki.

Abu biyu su ke ɓata zanen mai koyo. Na fari, hannunsa bai saba ba tukuna, shi ya sa layinsa ya ke karkacewa. Na biyu, ba ya duban abin da ya ke zanawa da kyau. Ya san doki yana da ƙafa huɗu, sai ya jera su kamar ƙafafun tebur, bai lura da inda gwiwa ta lanƙwasa ba. Maganin duka biyun ɗaya ne, watau yawan yi. Ga labarin wani wanda ya bi wannan hanya.

A ƙasar Holan an yi wani mutum ana ce da shi Binsent Fan Gog. An haife shi a shekarar 1853. Ya yi aiki a kantin sayar da hotuna, aka sallame shi. Ya tafi ƙasar Beljiyam yana wa'azi wurin masu haƙar kwal, nan ma aka sallame shi. Sai a 1880, yana da shekara 27, ya ƙudura niyyar koyon zane sosai. Mutanen da ya zana da fari a sandare su ke, kamar an sassaƙa su da itace.

Binsent bai fid da rai ba. Ya sami wani littafin koyon zane mai warka 60, kowace da surar jikin mutum. Ya zauna yana kwaikwayonsu tun safe har dare. Da ya kai ƙarshe sai ya komo farko, har sau uku. A 1881 ya koma ƙauye wurin iyayensa, ya shiga zana manoma. Mai haƙa da shebur kaɗai sai da ya zana shi sau biyar. A 1882 kuma aka yi masa wani katako mai kusurwa huɗu kamar bakin taga, ya ɗaura zare a tsaye da a kwance. Ta cikinsa ya ke leƙawa, domin ya gane yadda abin da ke nesa ya ke ƙanƙancewa a ido.

Ya mutu a 1890, shekara goma kaɗai da farawarsa, amma ya bar zane fiye da 1,000, da hotunan fenti fiye da 800. A 1973 aka buɗe wani babban gida a birnin Amstadam don ajiye aikinsa, mutane na zuwa kallo daga ko'ina cikin duniya.

Ba kowa ne zai kai inda ya kai ba, amma hanyarsa a buɗe ta ke ga kowane ɗan makaranta. Sai yaro ya keɓe kamar minti 15 kowace rana. Ya fara da abu mai sauƙi, kamar tulu ko ƙwarya ko ganyen mangwaro. Kafin ya ja layi, ya miƙe hannu da fensir, ya rufe ido ɗaya, ya auna tsawon abin da faɗinsa. In babu takarda, gawayi da allo sun isa, ko yatsa da rairayi.

Kada kuma ya yage zanen da bai yi kyau ba. Ya rubuta kwanan wata a gindinsa ya ajiye. Bayan wata guda ya jera na farko da na ƙarshe, zai ga bambanci da idonsa, ba sai an gaya masa ba. Hausawa sun ce, yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.