MicroRNA: ƙananan dogarawan ƙwayoyin gado da alaƙarsu da sikila

Iyayen da ke rainon mai sikila a Katsina sun san cewa jariri bai cika fara ciwon ba sai wajen wata shida. Dalili kuwa, himogulobin na ɗan tayi da aka haife shi da shi yana kare shi har zuwa lokacin da jiki zai rage ƙera shi. Cikin masu hannu a wannan al'amari akwai microRNA.

Ƙwayar gado takan aika saƙo domin a ƙera furotin. Shi microRNA guntun zare ne mai harufa kusan 22, wanda ke manne wa saƙon ya lalata shi ko ya rage aikinsa. Victor Ambros da Gary Ruvkun ne suka gano wannan tsari cikin wata tsutsa a 1993, aka ba su kyautar Nobel a 2024.

Abin lura shi ne guda ɗaya na iya taɓa saƙonni ɗaruruwa, kamar dogarin da ke gadin ƙofofi barkatai. A 2011 masu bincike a Amurka suka nuna cewa miR-15a da miR-16-1 na danne ƙwayar gadon MYB, sai himogulobin na tayi ya ƙaru. Labari mai daɗi ga masu sikila, sai dai su ɗin ne kuma ke danne BCL2, kuma rashinsu na da alaƙa da wani nau'in sankarar jini. Wanda zai mayar da su magani, tilas ya bi diddigin duk ƙofofin da suke gadi. A yanzu dai hydroxyurea likitoci ke bayarwa domin ƙara wannan himogulobin.