Motsa Tsokar Ciki: Sau Nawa A Mako, Kuma Ta Yaya?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ta Damazin ko ta Sinja lokacin kaka, to ba zai rasa ganin mutum biyu a gindin mota ɗaya ba. Na farko ɗan dako ne, wanda Larabawa ke kira attali, ya duƙa an aza masa buhun dawa mai kilo 90 a gadon baya. Na biyu kuwa mai kayan ne, yana zaune a benci da littafin lissafi, kofin shayi na huɗu a hannunsa, tumbi ya turo jallabiya. Amma idan dare ya yi, kukansu ɗaya ne, wato ciwon baya.

Wannan ne ya sa tambayar da masu sauraronmu suka fi aiko mana a shirin lafiya na rediyo ita ce ta motsa ciki. Samari sun ga 'yan wasa a waya suna kwanciya suna tashi sau ɗari kullum, su kuma dattawa suna neman abin da zai sauke masu teɓa kafin Sallah. Amsar da za mu bayar ba za ta yi wa kowa daɗi ba: kwana biyu zuwa uku a mako, minti goma kacal, ya wadatar, kuma amfaninsa kare baya ne, ba narkar da kitse ba.

Mu dai jikokin masu aikin ƙarfi ne. Tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a zuwa gabas har aka kafa garin Mai Wurno a bakin Nilul Azrak, kudu da Sinnar, da jiki mutanenmu ke neman abinci. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, iyayenmu da kakanninmu na cikin waɗanda suka yi ta tsinkar auduga da shirar hawasha. Ba su san wani ɗakin motsa jiki ba. Yau kuwa da yawa daga cikinmu sun koma zaman shago da doguwar tafiya a mota zuwa Kurmuk ko Gallabat a iyakar Habasha, jiki ya daina aikin da ya saba, amma cin bai ragu ba.

Tsokar ciki ba guda ɗaya ba ce, kashi huɗu ce. Akwai wadda ta miƙe daga ƙirji zuwa mara, ita ce ke fitowa layi-layi a cikin 'yan kokawa. Akwai biyu a kowane kwiɓi da suka gicciye juna, su ne ke juya jiki. Sai ta can ciki, wadda ta kewaye kugu kamar ɗamara. Babban aikinsu shi ne riƙe ƙashin baya ya tsaya cak yayin da hannu da ƙafa ke aiki. Idan ɗamarar ta yi sako-sako, nauyin buhu kan ƙashin baya yake sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020. Bugu da ƙari, tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya ɗauki fiye da kilo 55 shi kaɗai. Mai karatu ya auna wannan da buhun da muke aza wa yaranmu.

To, sau nawa za a yi? A ƙa'idojin da ta fitar a 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, tare da minti 150 zuwa 300 na motsi irin tafiya da sauri. Tsokar ciki ba ta fita daban da ta hannu ko ta cinya ba: lokacin hutu take ginuwa, ba lokacin wahala ba. Saboda haka idan an matsa mata yau, a bar ta ta huta gobe. Misali Asabar, Litinin da Laraba. Shi kuwa ɗan dako, kada ya yi a safiyar ranar kasuwa, domin gajiyayyar tsoka ba ta riƙe baya a ƙarƙashin kaya. Ya bari sai ranar da ba lodi.

Game da yadda za a yi, wani masanin ƙashin baya na Jami'ar Waterloo ta ƙasar Kanada, Farfesa Stuart McGill, ya shahara da motsi uku da ba sa bukatar komai sai tabarma. A lura, tabarma a ƙasa, ba bisa angarib ba, don igiyarsa na lotsawa.

Na farko, ka kwanta rigingine, ka tanƙwara gwiwa ɗaya, ɗayar ƙafar a miƙe, tafin hannuwanka a ƙarƙashin ƙugu. Ka ɗaga kai da kafaɗu kaɗan daga ƙasa, ka tsaya daƙiƙa goma, ka sauke.

Na biyu, ka kwanta ta gefe, ka dogara da gwiwar hannu, ka ɗaga ƙugu har jiki ya miƙe kamar katako. Mai farawa ya dogara da gwiwoyin ƙafa tukuna. Daƙiƙa goma, sannan a juya ɗaya gefen.

Na uku, ka durƙusa kamar mai rarrafe, ka miƙa hannun dama gaba, ƙafar hagu baya, ba tare da ƙugu ya karkace ba. Daƙiƙa goma, sai a sauya.

A fara da sau uku kowanne, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har zuwa sau shida. Yawan maimaitawa ake ƙarawa, ba tsawon tsayuwar ba. Kada a riƙe numfashi, musamman mai hawan jini. Wanda ya saba zai iya ƙarawa da ɗaukar jarkar ruwa a hannu ɗaya ya yi taku talatin bai karkace ba, sannan ya sauya hannu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan La'asar ko da yamma kafin cin abinci, a watan azumi kuma bayan buɗa baki da ɗan lokaci. Masanin ya kuma yi gargaɗi game da yawan lanƙwasa baya da ƙarfi da zarar an tashi daga barci, domin a lokacin faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya sun cika da ruwa.

Ita kuwa kwanta-tashi sau ɗari da samari ke yayi, lanƙwasa baya ce ake ta maimaitawa. Hatta rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta cire ta daga gwajin ƙarfin sojojinta, a 2022 kuma ta tabbatar da tsayuwar katako a cikin gwajin.

Sai batun tumbi, inda nan ne gizo ke saƙar. A 2011 wasu masu bincike a Amurka sun gwada mutum 24, inda aka sa wani rukuni daga cikinsu motsa ciki kwana biyar a mako har mako shida. Tsokar ta ƙara juriya, amma kitsen ciki bai ragu ba. Kitse daga baki yake shiga, ta tafiya da rage ci kuma yake fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da baligi ke sha a yini ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in ma da hali shida. Mai shan shayi kofi huɗu, kowanne da cokali uku, ya cika ma'auninsa tun bai taɓa lugaimat ba. Ga gwaji mai sauƙi ga ɗan kasuwa: ka auna tsayinka da igiya, ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka daidai saman cibiya kaɗan. Idan ba ta haɗu ba, lokacin gyara ya yi.

Sai dai fa ba kowane babban ciki ne kitse ba. A ƙauyukanmu na bakin magudanan ruwa na Jazira, tsargiyar hanji ta daɗe tana kumbura hanta da saifa, har ciki ya tara ruwa. Wanda cikinsa ke girma alhali hannuwansa da wuyansa na ramewa, asibiti zai nufa, ba tabarma ba. Haka mai gwaiwa ko kumburi a cibiya ko a matsematsi: motsa jiki ba ya rufe ramin, aikin likita ne. Idan kumburin ya ƙi komawa, ya zo da zafi da amai, a garzaya asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Matan da suka haihu, musamman waɗanda aka yi wa aiki, su nemi shawarar ungozoma ko likita kafin su fara. Duk wanda ya ji zafi na sauka daga baya zuwa ƙafa, ya dakata.

Jama'a, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koya mana darasi mai ɗaci. Daga Disamban 2023 zuwa Janairun 2025, lokacin da Wad Madani ta fita daga hannun gwamnati, mun ga yadda neman likita ya zama doguwar tafiya mai tsada. Magidancin da bayansa ya riƙe, gidansa ne ya tsaya. Don haka muke kira ga masu kaya da su sa mutum biyu a kan babban buhu ko su nemo baro, su kuma 'yan dako su durƙusa da gwiwa, su matso da kaya jikinsu, su ɗaure ciki kafin su ɗaga, kada su murɗa ƙugu da nauyi a kansu.

Minti talatin a mako bai kai zaman ciniki ɗaya ba. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya sa albarka a kasuwa, amin.