Gawayin Baƙo: Cinikin Wuta a Ƙofar Na'isa

Mai gawayi ba ya kafa allon talla. Ƙasar wurinsa ce ke yi masa shela, don duk inda aka ga gindin katanga ya yi baƙi ƙirin, ga buhuna an ɗora wani kan wani an ɗaure bakinsu da igiya, an san abin da ake sayarwa. A kewayen Ƙofar Na'isa irin waɗannan wuraren suna nan a bakin titi da bakin lungu, kowanne da masu saye da suka saba da shi, da yaran da ke ƙulla gawayi a leda, da ɗan dakon da ke jiran a ce masa ɗauki.

Wurin ya dace da sana'ar. Ƙofar tana kudancin ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, tsakanin Ƙofar Ɗan Agundi da ta Gadon Ƙaya. A 2010 aka rushe tsohon gininta na ƙasa don faɗaɗa titi, abin da ya ɓata wa masu kishin tarihi rai ƙwarai, daga baya aka gina wata a madadinta. Yau a bayanta akwai cikin gari da lungunansa waɗanda sai baro ko kafaɗa ke shiga da kaya. A gabanta kuma ga titin BUK, wanda idan ka bi shi yamma ya kai ka tsohuwar jami'a da Kabuga, idan ka bi shi gabas ya wuce da kai Gidan Murtala har unguwar Nasarawa. Wanda ya zauna a nan da buhunansa yana cin kasuwa biyu: ta 'yar ƙulli a ciki, ta buhu a waje.

Tsofaffin abokan cinikinsa sanannu ne. Akwai maƙeri, da mai wanki da guga mai dutsen gawayi, da mai gasa masara, da mai balangu, da uwargida mai kurfoti da kaskon turaren wuta. A 'yan shekarun nan wani sabon mai saye ya shigo sahu, wato mai kula da gidan haya na 'yan kwanaki.

Gidaje ne da aka ƙawata da gado da kujeru da kicin da janareto ko sola, ana kama su na kwana biyu ko mako guda, galibi a unguwanni irin su Nasarawa da Bompai. Wasu ta WhatsApp da Instagram ake samunsu, wasu ta Airbnb. Masu sauka a ciki su ne dangin amarya da suka taso daga Abuja ko Legas, da iyalan da suka dawo gida hutun Sallah daga ƙasashen waje, da 'yan kasuwar da suka zo sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari. Mutane ne da ba sa son takurar otal. Suna son su zauna a tsakar gida da daddare, a aiki yaro ya sayo nama ko kaji, a gasa a gabansu. Don haka gidan da ya san kansa yakan ajiye murhun gashi, sau da yawa rabin duro ne da mai walda ya tsaga ya yi wa ƙafafu ya ɗora masa raga.

Saukar baƙo a gidan wani don biyan buƙatar 'yan kwanaki tsohon abu ne a Kano. Fataken goro da na gishiri da Larabawan Arewacin Afirka da ke zuwa Kasuwar Kurmi a gidan fatoma suke sauka. Shi ke ba su ɗaki, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye, ya kuma tabbatar an ɗora musu tukunya, ladarsa tana fitowa daga la'adar ciniki. Mai gidan haya na yau ya bar dillancin ya riƙe masaukin, amma nauyin wutar baƙo yana nan a wuyansa yadda yake a wuyan fatoma. Baƙon da ya biya kuɗi mai kauri, ya jiƙa namansa da yaji, sannan ya tarar babu gawayi a gidan ƙarfe tara na dare, ba zai dawo ba, kuma zai gaya wa 'yan uwansa.

Wannan ne ya sa mai kula da gida ya fi kowa tsanani wajen zaɓe. Uwargida za ta iya haƙuri da gawayi mai hayaƙi, ta sa mafici ta yi ta fifita har ya kama. Baƙo ba zai yi ba. Abin da ake nema masa shi ne manyan gaɓoɓi masu nauyi, waɗanda idan aka gwara biyu suke ƙara kamar ƙarfe, ba sa tartsatsi, suna kuma daɗewa suna ci. Gawayin ƙirya shi ne sarki a nan, shi ya sa maƙera suka daɗe suna nemansa, sai na marke ya bi bayansa. Wanda ake gudu shi ne ɗanye, wato wanda bai gama ƙonewa a rami ba, cikinsa da sauran ja-ja na itace, yana hayaƙi yana ɓata ɗanɗanon nama. Haka kuma wanda ruwa ya doka.

Sai batun algus, wanda masu sana'ar na kirki su ma suke kuka da shi, domin yawanci tun daga daji ake yi. A jera manya a bakin buhu, tsakiya a cika da marmashi, ƙasa kuma gari da yashi har da tsakuwa. Wanda ya saya bai zazzage ba sai ya je gida yake ganin abin da ya saya. Shi ya sa cinikin gidajen baƙi ya ginu a kan sabo. Mai kula da gida yakan tsaya ga mutum ɗaya, ya riƙa kiransa a waya.

"Baba, ina da baƙi ranar Juma'a. A tsince min buhu guda, manya zalla."

"An gama, Alhaji. Amma tsintacce ba kuɗinsu ɗaya da na gama-gari ba, ka sani."

"Na sani. A dai tabbatar busasshe ne."

Tsintar nan aiki ce. A zazzage buhu biyu ko uku a kan tabarma ko shimfiɗaɗɗen buhu, a ware manyan a gefe, matsakaitan su tafi bokitin fenti da tiya, ƙananan a ƙulla a leda don masu sayen na girkin yini guda. Ko garin ba ya zuba banza, akwai masu nemansa. Ribar mai gawayi a nan take, a iya rarraba buhu ɗaya gida huɗu, kowane kashi ya tafi ga wanda zai fi biyansa. Daga nan tsintaccen ya hau Adaidaita Sahu, a kai shi ƙofar gidan, kuɗi su shigo ta tiransifa, wani lokaci sai ƙarshen wata.

Wasu masu gidajen sun gano cewa ajiye wa baƙo buhu sukutum asara ce, domin wanda bai saya da kuɗinsa ba tula shi yake yi. Sai su sa a ƙulla musu daidai gashin dare ɗaya, a bar sauran a hannun maigadi. Sau da yawa ma maigadin ne ke hura wutar, ya samu ɗan ihsani.

Kasuwar tana da lokutanta. Da damina farashi kan tashi, saboda masu ƙonawa sun koma gona, itace jiƙaƙƙe, hanyoyin daji kuma sun lalace. Da hunturu buƙata ke ƙaruwa, ga jin ɗumi ga ruwan wanka, ga bukukuwan ƙarshen shekara da ke cika gidajen baƙi. Babbar Sallah kuwa ba a magana: layya ta cika gari da nama, kowa na neman wuta.

A Kano gas yana cikin kicin, amma gashin nama na gawayi ne, kuma Bakano ba ya ɗaukar naman da aka gasa a kan gas a matsayin gashi. Tsadar makamashi ta ƙara wa gawayi daraja. Kananzir ya haura naira 1,000 a lita, ya fi ƙarfin talaka. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, kilon gas ma ya haura naira 1,000, gidaje da yawa da suka saba da gas suka sauko da kurfoti daga inda suka jefa shi. Yanzu baƙo mai gashin nishaɗi da bazawara mai dafa wa marayu tuwo buhu ɗaya suke rububi, kuma kowa ya san wanda ke samun manyan gaɓoɓin.

Akwai haɗarin da ya kamata duk mai gidan haya ya faɗa wa baƙonsa baki da baki. Gawayi mai ci yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Idan sanyi ya tsananta aka ja murhun zuwa falo, aka rufe ƙofa da taga, mutum yana iya yin barcin da ba zai farka ba. Gidajen zamani masu tagogin gilashi da aka toshe saboda na'urar sanyaya ɗaki sun fi ɗakin ƙasa na cikin gari haɗari a wannan fanni.

Abin da ya fi damun mai tunani shi ne inda buhunan suke fitowa. Kewayen birnin Kano ba shi da dajin da zai ciyar da wannan kasuwa. Motoci na ɗauko kaya daga nesa, daga dazukan Bauchi da Kaduna da Neja da kudancin jihar ta wajen Falgore. A can ake sare itace, a jibge shi, a lulluɓe da ciyawa da ƙasa, a cinna wuta ta ƙaramar kafa, ya yi kwanaki yana ci a hankali. A irin wannan ƙonawa itacen da ya kai kilo 5 zuwa 10 ne ke ba da kilo 1 na gawayi. Ƙirya kuwa ba ta saurin girma, wadda aka sare yau sai an yi shekaru masu yawa kafin a ga madadinta. Idan ta yi ƙaranci gatari kan koma kan kaɗanya da ɗorawa, itatuwan da matan karkara ke samun man kaɗe da kalwar daddawa daga gare su. Gwamnatoci irin na Bauchi da Jigawa sun sanar da haramta sare itace don gawayi, Kano kuma tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, amma motocin ba su daina shigowa ba, domin ba a ba mai girki wani abin da zai hura ba.

Ba adalci ba ne a ɗora laifin a kan dattijon da ke zaune cikin ƙura a bakin ƙofa yana tari, ribarsa a buhu ba ta taka kara ta karya ba. Masu gidajen baƙi su ne suke da sararin da za su fara canji. Ana curin gawayi daga buntun shinkafa da ɓawon gyaɗa, ana matse shi da inji a busar, kuma Kano ga injinan casar shinkafa birjik, buntu yana tuli a bayansu. Curarren yana da jinkirin kamawa, talaka kuma ba ya kasadar kuɗin girkinsa a kan abin da bai saba da shi ba. Gidan da ke karɓar dubunnan nairori a dare ɗaya zai iya ɗaukar wannan kasadar, ya sa maigadi ya koyi hura shi, ya kuma nemi mai gawayinsa na Ƙofar Na'isa ya riƙa ajiye masa shi kusa da na ƙirya.